Goɗiyar da Ba Ta Jin Ƙafarta

Ni ba ɗan boko ba ne. Aji huɗu na yi a firamaren Ruma, babana ya cire ni ya sa ni bayan dawaki, kuma ban taɓa jin haushin hakan ba. Shi mai duba dawaki ne. Daga Zakka, daga Safana, har daga ƙetaren daji ta wajen Zamfara ana jawo mashi doki mai ɗingishi ko wanda ciki ya murɗe. Ba ya tambayar mai doki komai sai ya gama shafa ƙafafun nan huɗu da tafin hannu, idonshi a rufe. A wurinshi na koyi cewa ƙafar doki tana ɗaukar zafi kwana biyu ko uku kafin ɗingishi ya fito. Abin da na iya ke nan a duniya, ban iya wani ba.

Da ɓarayin daji suka matsa mana, dawakin yankinmu suka ƙare. Wasu aka kora, wasu masu su suka sayar tun kafin a kore. Babana ya riga ya rasu, Allah ya hutar da shi ganin wannan. Muka baro Ruma da abin da kai zai iya ɗauka, ni da inna da matata da yara biyar, muka samu ɗaki biyu a bayan tashar Batsari, gidan wani mai gyaran babura. Gona tana can, ba mai zuwa. Na koma dako a kasuwa. Mutum ya haura arba'in, buhun masara a ƙeyarshi tun safe, da yamma ya tsaya yana tunanin ko zai iya sayen tiya ɗaya daga cikin abin da ya wuni yana ɗauka.

Ana cikin haka ɗan kawuna ya kira ni. Babanshi yayan inna ne, wato taubashina ke nan. Ni ɗan mace, shi ɗan namiji, don haka tun muna yara bawanshi yake kirana, ni kuma in zage shi son raina, ba mai hanawa. Ya fara da sharar barga a gidan wani mai kuɗi a Katsina, daga can wani ya tafi da shi ƙasar Larabawa. Lokacin ya shekara shida a can.

"Bawana," in ji shi, "hannun nan na tsoho yana nan, ko buhu ya cinye shi?"

"Hannu yana nan. Ciki ne babu komai."

"To wanke shi da sabulu, jirgi za ka hau. Ana neman mai kula da dawakin tsere, na ce masu ina da wani baƙauye, mummuna ne amma ya san aiki."

"Uwarka ce mummuna."

Ya yi ta dariya. Ya ce aikin shekara biyu ne, in na cika su zan iya sayen fili a Batsari in fitar da inna daga ɗakin haya. Wannan maganar ita ce ta kama ni. Inna ba ta taɓa kwana a ɗakin da ba nata ba sai da tsufa ya zo mata. Kafin ya kashe waya ya ce in taho mashi da goro da daddawa, da kanwa ungurnu mai kyau.

"Kanwar fa, ta mece ce?"

"Dawakin nan ba su san daɗin duniya ba. Kai dai taho da ita."

Na ƙulla ta a leda, na naɗe da tsohon ɗankwalin matata.

Ba zan ɓata lokaci a kan jirgi da dogayen gidaje ba, ban je kallo ba. Daga filin jirgi aka wuce da ni cikin sahara, wurin da babu komai sai barga da rairayi. Amma bargar ta fi asibitin Batsari tsabta. Doki yana da na'urar sanyaya ɗaki, yana da tafkin wanka, akwai wani inji da ke zagayawa da su kamar jakan niƙa. Mu ma'aikata muna kwana shida a ɗaki. Akwai mutanen Indiya, akwai na Sudan, akwai waɗanda har na baro ban san daga ina suke ba. Balaraben da ke horar da dawakin mudir ake ce mashi. Ni Larabcina na sallah ne, Turanci kuwa babu. Duk abin da zan gaya wa mudir sai ya bi ta bakin taubashina, duk abin da mudir zai gaya mani ma haka. Shi ne shugaban layinmu, dawaki goma sha biyu a ƙarƙashinshi, huɗu daga ciki aka damƙa mani.

Tserensu ba irin sukuwarmu ba ce ta bayan kaka, a saki linzami a tsaya a bakin kuka. Tafiya ce da ta kai daga Batsari zuwa Katsina a dawo, a yini ɗaya, cikin rairayi. An raba ta zango-zango. Duk ƙarshen zango doki zai shigo wurin likitoci, a yi ta kwara mashi ruwan ƙanƙara har bugun zuciyarshi ya sauka, sannan mai kula da shi ya riƙe igiya ya yi sassarfa da shi a gabansu, ya je ya dawo. In suka ga ɗingishi ko kaɗan, an fitar da shi. Aikinmu wata da watanni shi ne mu shirya doki ya iya jure wannan. Ƙilisa bayan asuba, wanka, abinci a kan awo, tafiya da ƙafa da la'asar, kullum haka.

Cikin huɗun nan nawa akwai wata goɗiya hurde, mai toka-toka, siririya, mai faɗin ƙirji. Tana da suna na Larabci mai tsawo, ban taɓa iya faɗinshi ba, yarinya nake ce mata. Gudu kam Allah ya ba ta. Matsalarta ɗaya, ba ta shan ruwa. Ta tsoma baki ta ɗaga kai tana kallon mutane. Dokin da ba ya shan ruwa kuwa a wannan tseren ba inda za shi. Sun gwada garin maganinsu na cikin leda, sun gwada zuma, ta ƙi.

A gida ba sai an yi shawara ba. Doki ya ƙi ruwa, ka jiƙa kanwa kaɗan ka gauraya mashi da dusa. Na yi mata haka da rana tsaka, ƙofa a buɗe, taubashina yana jingine da bango yana tauna goron da na kawo mashi. Kafin la'asar ta shanye bokiti har tana ture shi da hanci.

"Ka gani?" in ji shi. "Ai shi ya sa na sayo ka."

Bayan kwana biyu mudir ya zo ya ga bokiti babu ruwa, ya dafa kafaɗata yana murmushi. Taubashina ya yi mashi bayani da Larabci. Na ɗauka maganar kanwa ya gaya mashi. Ban taɓa ɓoye ta ba, a kan taga ma nake ajiye ƙullin wani lokaci. Ba wanda ya ce mani a ƙasar can ba a ba doki komai sai abin da likita ya rubuta. Wanda ya kamata ya gaya mani shi ne ya ce in taho da ita.

Wata bakwai na yi da goɗiyar nan. Ta san takuna. In na makara sai ta dinga buga ƙofa da gwiwa.

Saura kwana tara tsere, da safe ina shafa ta kamar kullum, na ji zafi a ƙafar gaba ta hagu, a jijiyar baya, ƙasa da gwiwa da kamar yatsa huɗu. Ba kumburi. Ido ba zai gani ba. Na koma ƙafar dama na dawo, na sake komawa. Zafi ne.

Na samu taubashina na ce mashi, "Yarinyar nan ba za ta yi tseren nan ba. Gaya wa mudir a hutar da ita wata biyu."

"Tana ɗingishi?"

"Za ta yi."

"To, malamin duba. Zan gaya mashi."

Washegari na tambaye shi, ya ce mudir ya ce a sa ƙanƙara. Na sa. Ba a cire ta daga ƙilisa ba. Kwana huɗu bayan nan, in ta taka wuri mai tauri, kanta yana ɗan ɗagawa duk sanda ƙafar hagu ta sauka. Na jawo taubashina na nuna mashi. Ya kalla ya ce shi bai ga komai ba, yunwar Batsari ce ba ta sake ni ba har yanzu. A lokacin ne wani direban barga ya gaya mani abin da ban sani ba. Direban Bahaushen Sudan ne, kakanninshi suka tafi Makka da ƙafa suka zauna a hanya, Hausarshi ta tsofaffi ce amma muna fahimtar juna. Ya ce an yi wa taubashina alkawarin shugabancin barga gaba ɗaya in dokin layinshi ya kammala wannan tseren, kuma duk layin ba mai iyawa sai goɗiyata.

Ranar tsere, bayan mun idar da sallar asuba a gefen mota, na je fito da ita. Ta fito tana taku daidai kamar ba ita ba. Na tsuguna na shafa. Zafin yana nan, har ya ƙaru. Na gangara da hannu ƙasa, sama da kofato ta baya, na ji ƙananan ƙulli biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kamar cizon sauro. Na ciro makullin akwatina na danna mata a dunduniya, wurin da in ka taɓa doki mai lafiya sai ya fizge. Ba ta motsa ba. Na ƙara dannawa da ƙarfi. Tana can tana shinshinar aljihuna.

An yi mata allura an kashe ƙafar. Ciwon yana nan, ji ne kawai aka ɗauke mata.

Na samu taubashina a bayan motar ruwa yana jera robobi.

"Wa ya yi mata allura?"

"Tun yaushe bawa ya fara tuhumar ubangijinshi?"

"Bar wasan nan. Ƙafar za ta karye."

Ya ajiye robar da ke hannunshi. Ban taɓa ganin fuskarshi haka ba, ba dariya ko kaɗan. Ya ce, "Ka san gida nawa ke ci a hannuna? Har da naku. Zango huɗu ne, ta yi ta gama, ka hutar da ita shekara in ka ga dama. Ɗauki igiya, ana kiran lambarmu."

Likitocin suna tsaye, tsakanina da su bai fi taku talatin ba. Da zan iya jan ɗaya daga cikinsu da hannu in danna makullin a gabanshi, ba sai da yare ba. Na yi wannan tunanin. Na kuma yi tunanin inna da ɗakin haya, da cewa ɗan kawuna ne. Na ɗauki igiya na yi sassarfa da ita a gabansu, na je na dawo, suka ɗaga hannu ta wuce. Wannan nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

Aka sake su da fitowar rana. Dawaki a tsakiya, motoci ta gefe biyu suna gudu suna ƙara, mu muna tsalle muna miƙa wa mahaya robobin ruwa su zuba a wuyan doki. Zango na farko ta shigo cikin na gaba. Muka kwara mata ruwa, zuciyarta ta sauka da wuri, ta sha bokiti guda. Na biyu ma haka. Taubashina yana ta tsalle yana rungumar mutane. Ni duk sanda na taɓa ƙafar sai in ji kamar na taɓa murfin tukunya.

A zango na uku, rana ta take, muna biye da ita a mota ni da direban, sai na ga gabanta ya nutse. Mahayin ya wuntsila ta saman kanta ya faɗi a rairayi, ya tashi ba abin da ya same shi. Ita ma ta tashi. Abin da ba na son tunawa ke nan. Da yake ba ta jin ƙafar, ta ci gaba da ƙoƙarin gudu a kanta, ƙafar tana lilo. Na diro daga mota tun ba ta tsaya ba na kama linzami. Likita ya zo ya duba, bai daɗe ba ya ce sai dai a kashe ta. Suka kafa tanti kewaye da mu don kada masu kallo su gani. Ni na riƙe kanta har aka gama. Kafin nan sun ɗebi jininta a kwalabe, haka dokarsu take.

Sati biyu ba wanda ya ce mani komai. Taubashina ya daina cin abinci tare da ni, ya ce aiki ya yi mashi yawa. Ran nan da hantsi aka ce sakamakon jinin ya fito, mudir yana kirana a ofis. Ina shiga na ga ɗankwalin matata a shimfiɗe kan tebur, kanwar a kai, da sauran busasshen goro, da wani ɗan sassaƙe da inna ta ba ni na ciwon baya. A akwatina suke, kuma mutum ɗaya ne ya san inda nake ajiye makulli in zan shiga wanka. Yana tsaye gefen mudir, hannu a baya.

Mudir ya yi magana yana nuna tebur, taubashina ya fassara.

"Ya ce wannan naka ne?"

"Nawa ne."

"Ya ce ka ba goɗiyar?"

"Kanwar na ba ta. A gabanka na ba ta. Kai ka ce in taho da ita. Gaya mashi haka."

Ya juya ya yi Larabci. Mudir ya dafe kai.

Na ce, "Gaya mashi tun saura kwana tara na ce a hutar da ita. Gaya mashi allura aka yi mata a ƙafa, ni kuma ban taɓa riƙe sirinji ba tunda aka haife ni. Kanwa ba ta kashe ƙafa, ko yaro ya san wannan." Na daɗe ina magana, ina nuna ƙafata, ina nuna shi da yatsa.

Abin da ya mayar da Larabci bai fi numfashi biyu ba. Ya faɗe shi a hankali, hannunshi a ƙirji, kanshi a sunkuye. Mudir ya kalle ni, ya girgiza kai, ya turo takarda. Taubashina ya ce shaida ce kawai cewa na ba da kanwa, ban ƙaryata ba. Tunda na ba da, na dangwala.

Bayan kwana uku direban nan ne ya kai ni filin jirgi. Sai da muka yi nisa, sannan ya ce ranar yana bakin ƙofar ofis yana jiran makullin mota, ya ji komai.

"Ɗan uwanka ya ce masu kai bokan dawaki ne a garinku, da magungunanka ka zo a ɓoye. Ya ce kai ka sayi allurar wurin wasu a kasuwar raƙuma. Doguwar maganar da ka yi kuwa, cewa ya yi kana roƙon a yafe maka, talauci ne ya sa ka. Takardar da ka dangwala, abin da ke ciki ke nan. Ba za ka ƙara taɓa doki a ƙasar nan ba."

"Kai da ka ji, mi ya hana ka magana?"

"Ɗan uwa, ni ma yara gare ni."

 Da wane baki zan zarge shi, ni da na riƙe igiya? Har yau ban sani ba ko mudir ya san da allurar tun farko. Ban kuma sani ba ko tun ranar da ya ce in taho da kanwa ya tanade ni don irin wannan ranar, ko kuwa da abin ya ɓaci ne ya waiga ya ga ni ne mafi kusa. Na juya wannan a raina har na gaji.

Labari ya riga ni isowa Batsari. A tasha, tun ban sauke jaka ba, wani abokin dakona ya ɗaga murya, "Ga likita ya dawo! An ce ka kashe dokin Larabawa da kanwa, mu ma a taimaka mana da ta miya!" Aka yi dariya. Shi ba da mugunta ya faɗa ba, abin da aka gaya masu ke nan.

Da la'asar na zauna gaban inna na gaya mata komai, tun daga zafin ƙafa har takarda. Tana tsince wake a faifai, ba ta ɗaga kai ba har na gama. Na ce gobe zan je gidan kawu in faɗa a gaban kowa.

"Ba za ka je da wannan ba," in ji ta.

"Inna, ƙarya ya yi mani. Ya raba ni da aikina, ya ɓata sunan baba."

"Taubashinka ne. Ba a kai ƙarar taubashi."

"Wannan ba wasa ba ne, inna."

"Na ce maka wasa ne? Ni na goya shi, na san shi tun kafin ka san shi. Tun da aka kawo labarin na san ba kai ba ne." Ta ajiye faifan. "Yayana ya makance. Ƙannen taubashin naka biyu da aka kashe a gona, matansu suna gidan da 'ya'yansu. Waken nan da kake gani, daga can aka aiko. In ka fasa wannan magana, ko dai su ƙi yarda mu rabu, ko su yarda tsohon ya mutu da baƙin ciki, kuma ko ta yaya gobe sai an ɗora tukunya. Ka bari sai bayan raina, ka yi abin da ka ga dama."

Matata tana bakin ƙofa tana ji. Na kalle ta ko za ta ce wani abu, ta shige ɗaki.

"Gobe za ka je," in ji inna, "amma gaisuwa za ka je, ka yi godiya. Ana jiranka."

Na je. Kawu yana zaune a zaure kan buzu, ya miƙo hannu yana laluben fuskata. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen can. Sannan ya riƙe hannuna da nashi biyu ya ce in yi haƙuri, kowa yana kuskure, kada in sa abin a raina. Ya ce ɗan uwana ya kira shi yana kuka, ya ce sai da ya durƙusa wa Larabawan kafin suka yarda ba za su ɗaure ni ba.

"Ka ga amfanin naka," in ji kawu. "Da bare ne da yanzu kana kurkuku. An ma ƙara mashi girma a wurin aikin, ka ji?"

"Na ji, kawu."

"Ka kira shi ka yi mashi godiya?"

"Zan kira."

"A'a, ga waya nan. Ke, kawo wayar nan, kira mashi ɗan uwanshi."

Aka kira, aka sa mani a kunne. Matan gidan sun taru a bakin zaure, yara sun leƙo. Na ji muryarshi, da ƙarar fankar barga a bayanshi, wani doki yana haniniya. Ya yi sallama na amsa.  Kawu yana riƙe da hannuna yana jijjigawa, yana jira.

Na ce, "Na iso lafiya. Na gode."

Ya ce, "Ba komai."

Na miƙa wayar, na yi wa kawu sallama. Ranar kasuwa ce, motocin masara sun fara shigowa, na wuce tasha kafin a raba lodi babu ni.